Kumatun Ishaku

Tun da na dawo daga Agadas ban huta da bakin 'yan majalisarmu ta Gyadi-Gyadi ba. Wannan ya ce ina cukunsa, wancan ya ce wai gaskiya ne Buzaye ba sa sauke rawani ko za su ci abinci, shi kuwa Habu Tela kullum tambayarsa ɗaya ce, ko na hau raƙumi. Ban hau ba, Habu, kuma ban sayo cuku ba. Na gaji da ba da labarin nan gutsi-gutsi ana katse ni da shewa a inda babu abin dariya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, sana'ata zane a kwamfuta. Shagon da nake ciki a Gyadi-Gyadi a da mu biyu ne, ni da Ishaku. Shi ɗan Tarauni ne, iyayensa Kiristoci ne daga Kudancin Kaduna, amma a Kano aka yanke masa cibiya, Hausarsa ma ta fi tawa gishiri. Da buroshi da fenti muka fara, muna rubuta allunan shaguna da bayan tifa. Ishaku bahago ne, kuma ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Da sojoji suka koma bariki aka buɗe siyasa, sai aiki ya juya. Kowane ɗan takara fosta yake so, tuli guda, da fuskarsa a tsakiya, kuma buroshi ba ya wannan. Ni na je na koyi kwamfuta, shi ya ce ba zai iya zane da abin da ba ya ɓata hannu ba. Haka ya zauna yana kallon ana cincirindo a teburina, nasa teburin ko ƙuda. Wata rana ya ce zai bi mota ya tafi Libiya, an ce can ana neman masu fenti. Saƙonsa na ƙarshe daga Agadas ya zo ta bakin wani direba, wai yana lafiya, ya kusa ƙetarawa. Daga nan shiru, har muka shiga shekara ta uku.

Mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, malamar firamare ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, Ishaku ne kaɗai namiji a 'ya'yanta. Tana ajiye aiki ta zo shago da wani ɗan hoton fasfo a cikin hankici, bai fi kan babban yatsa biyu ba, gefensa ma ruwa ya taɓa.

“Nasiru, ka ƙara min girman wannan. Zan bi hanyar da ya bi ina mannawa. Ko yana raye ko ba ya raye, sai na sani.”

A nan sai na ɗan yi muku karatu, don labarin ba zai zauna ba sai da shi. Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Akwai na ɗigo, wato wanda sikana take ɗaukowa. Shi in ka ja shi ya yi girma sai ya farfashe, fuska ta koma kamar an zuba tsakin masara a faranti. Akwai kuma na layi, wanda ake shimfiɗa hoton a ƙasa, a bi shi da linzamin kwamfuta ana dasa ƙulli nan da can, ana lanƙwasa layi tsakanin ƙulli da ƙulli, har fuskar ta fito. Wannan ko girman bangon bene ka ja shi ba ya fashewa, kuma duk ƙullin da ka kama ka matsar, layin zai biyo shi. Da irinsa nake yi wa 'yan takara aiki. A nan hannu ya saba da abu ɗaya, wato cika kumatu da goge kwarmin ido, don babu ɗan takarar da yake so a ga alamar bai ƙoshi ba.

Ishaku kuwa ba ya buƙatar ciko, Allah ya yi shi da kumatu. Na zauna ina bin layin fuskarsa, Mama tana gefena a kan benci.

“Ka ga kumatun nan?” in ji ta. “Tun yana goye haka yake. Kar ka rage min ko kaɗan.”

Ban rage ba. Na sa shi a cikin da'ira, na yi masa bango kore, na rubuta CIGIYA da sunansa a ƙasa, aka buga manya-manya. Ya yi kyau ƙwarai. Ta ce ita kaɗai za ta tafi. Da na faɗa wa tsohuwata a gida, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba ta ce, “Au, tambayata kake yi? Yaron da kuka ci a kwano ɗaya?” Na rufe shago. Na zuba zanen a faifan filofi guda biyu, don zanen layi ba shi da nauyi, na naɗe su a leda na sa a aljihun gaba.

Daga Ƙofar Ruwa muka hau motar Daura, wata tsohuwar fijo wadda ƙofarta sai da igiya. Kafin Kazaure taya ta yi faci, bayan Kazaure ruwa ya ƙare a lagireto. Fasinja ana ta zagin direba, Mama kuwa ta rungume naɗin fostocin a cinyarta, ba ta yarda an sa su a but ba.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka fara. Wani mai kaki na ɓangarenmu ya sa aka warware naɗin, ya ƙare wa Ishaku kallo, ya ce, “Wace jam'iyya ce? Kansila yake nema ko ciyaman?” Na nuna masa rubutun ƙasa. Ya karanta, ya ɗan ji kunya, ya mayar mana. Na can ɓangaren kuma Faransanci ya yi ta zuba mana, muna tsaye kamar gumaka, can sai ya juya ya ƙunduma wa abokin aikinsa ashar da Hausa tsantsa. Na ce ashe dai ana ji. Da ya lalubo faifan filofi a aljihuna ya jujjuya shi, ya ja ɗan ƙarfen bakinsa ya leƙa ciki, har ya hura masa iska. Raina ya ɓaci matuƙa, amma wa ya isa ya yi magana? Wannan hurawar ta dawo mana daga baya.

A Damagaram gidan wani fasto muka sauka, wanda cocin su Mama na Tarauni suka haɗa ta da shi. Aka ba ta ɗaki a ciki, ni aka shimfiɗa min tabarma a zaure. Ban tambaya ba matar gidan ta kawo min buta, ta nuna min gabas da hannu. Abincinsu ya ba ni wuya. Burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Zogale da ƙuli da muke ci a marmari, su kopto suke ce masa, kuma shi ne cin rana. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, sai an yi maka zagaye uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wutar lantarki. An ce daga wajenmu ake kai musu, amma tun da muka sauka ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na tuna yadda nake bin layin hancin mutum a Gyadi-Gyadi a ɗauke wuta aiki ya tafi, sai na ji kamar in yi kuka.

Muka manna a tasha, muka manna a bakin kasuwa. Mutane suna taruwa, amma ba taron da muke so ba. Wani ya ce, “'Yan Najeriya har nan kuke kamfen?” Wata mai gyaɗa ta tambaya ko za a raba atamfa. Mama takan tsaya ta yi bayani a hankali irin na malamai, ɗanta ne, ya bi ta nan shekarun baya. Sai a sake duban hoton, a girgiza kai. “Allah shi bayyana shi.” Wannan addu'ar mun sha ta har na daina jin ta.

Daga Damagaram muka hau babbar mota zuwa Agadas. Bayan Tanut akwai wani ɗan zango da motoci suke tsayawa, rumfunan zana ne 'yan kaɗan da rijiya da masallacin laka. Ku riƙe wannan zangon. Muka ci shinkafa da wake a rumfar wata dattijuwa da ake kira Inna Mariyama, shinkafar tana ƙas-ƙas da yashi. Mutane sun yi mata yawa, direba yana ta danna oda. Mama ta roƙe ta ta bari mu manna a jikin zanarta. Ta ɗago daga kan tukunya ta dubi hoton sau ɗaya.

“Manna, baiwar Allah. Amma wanga alhaji ban gan shi ba.”

Na soke shi da ƙaya a kusurwa huɗu muka ruga mota.

Agadas ba zan ce muku komai a kan kyanta ba, ban je da idon kallo ba. Abin da na gani shi ne gidajen da ake tara masu jiran motar hamada. Ka shiga tsakar gida ka tarar da mutane jingim, Yarbawa, Inyamurai, mutanen Gana, namu na Arewa, kowa da jarkarsa da aka naɗe da buhu an rubuta suna a jiki. A Kano in baƙo ya sauka, tambaya ta farko ita ce daga ina, ɗan gidan wa. Can ba a tambaya. Ka tambayi mutum sunansa sai ya dube ka kamar ka zage shi. Muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ƙafar Mama ta kumbura har ta koma saka silifas ɗina. Ko'ina amsa ɗaya.

A masaukinmu akwai mai gidan, wani tsoho da ake ce wa Baba Alhusaini, wanda ya yi tuƙin hamada har idonsa ɗaya ya mutu. Kwanaki yana kallonmu muna fita muna dawowa. Wata safiya muna shan kunu ya sa aka miƙo masa fosta ɗaya, ya kawo ta dab da idonsa mai gani.

“Yaushe ya baro gida?”

Mama ta faɗa masa.

“To ku daina wahal da kanku. Wanga hoto na ɗanki ne, amma ba na wanda muka gani ba ne. Ba mai bin hanyar ga shi riƙe wanga huska.” Ya nuna can gindin bango da haɓa. “Dubi waɗancan. Jiya mota ta sauke su daga arewa. Su ma da kumatunsu suka tahi.”

Na duba. Samari ne huɗu ko biyar a zaune, ba sa hira. Ƙashin kuncinsu ya fito, ido ya faɗa, leɓe ya tsattsage, gemu ya tsiro barkatai, wuya kamar na tulu. Ba ka iya cewa wannan ɗan shekara ashirin ne ko arba'in. Na ji tsoro, na kuma ji haushin tsohon, don a gaban uwa ya faɗi wannan magana ba ko sakayawa. Mama ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ajiye kofin kununta ta juyo gare ni.

“Abin nan naka, ka ce ana matsar da layi?”

“Ana matsarwa, Mama.”

“Tashi mu je.”

Da ƙyar muka sami mai kwamfuta, su odinatar suke cewa. Wani Mahamadu ne, yana buga wa masu yawon buɗe ido takardu a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Allah ya taimaka yana da irin manhajar zanen da nake aiki da ita, sai dai komai da Faransanci, haruffan allon bugawa ma an sauya musu wuri, ka nemi wannan ka sami wancan. Na sa faifai na farko, wanda aka hura wa iska a kan iyaka. Ya yi ƙara, ya yi ƙara, ya ƙi buɗewa. Gumi ya karyo min. Na yi bisimilla na sa na biyu. Sai ga Ishaku ya cika gilashin, da kumatunsa da ɗan murmushinsa.

Mahamadu ya ba Mama kujerarsa. Na cire da'irar, na cire koren bangon. Na danna layin kuncin dama, ƙulle-ƙullen suka bayyana. Na kama na tsakiya na tura shi ciki kaɗan, na yi wa na hagu haka. Na tsaya.

“Ƙara,” in ji Mama.

Na ƙara.

“Ba ka ga yaran can ba ne? Ƙara.”

Na shekara ina cika kumatun mutanen da ban sani ba, waɗansunsu ma ko gaisuwa ba sa amsawa. Ban taɓa rage na kowa ba sai ranar, kuma na abokina. Na fito masa da ƙashin kunci. Na ja layi biyu daga gefen hanci zuwa baki. Na zurfafa kwarmin ido na sa masa inuwa. Na tsuke wuya, na fito da maƙogwaro. Na yayyafa masa gemu, Mama ta ce a'a, gemunsa ba ya haɗewa, irin na babansa ne, a haɓa kawai yake fitowa, na goge na gefe. Murmushin ne na bari har ƙarshe, ina fatan ba za ta lura ba.

“Nasiru, bakin.”

Na kama ƙulli biyu na gefen baki na sauke su. Linzamin ya zame, layin ya tafi wani wuri, na dawo da shi. Na gama, na janye hannu. Mutumin da yake kallonmu daga gilashin Ishaku ne, ba shakka, amma Ishakun da ban taɓa gani ba kuma ba na son gani. Mama ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin daidai kuncin, ta janye. Ba ta yi kuka ba. Ni ne na fita waje na tsaya a rana.

Firintar Mahamadu ƙarama ce, baƙi da fari kawai take yi, a takardar rubutu. Muka buga, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka sake bin gidajen nan. Wannan karon ba wanda ya yi zancen kamfen. Mutane sukan karɓa su daɗe suna dubawa. Wani ya ce kamar ya gan shi a Dirku, can kan hanyar Libiya, wani ya ce a'a, wancan Bagobiri ne. Wani ɗan Gana ya ce ya yi kama da wani da suka yi aikin fenti tare a can ƙetare, mai tari, an kama su tare aka watso su, amma bai san inda ya yi ba. Baba Alhusaini ya ce in dai an watso shi kuma yana da sauran numfashi, gida zai nufa, mu bi hanya a hankali muna tambaya. Ƙarfin Mama ya ƙare, guzurinmu ma haka. Muka juyo.

Duk inda mota ta tsaya sai na sauka da takardar. Har muka iso zangon nan na bayan Tanut. Fostarmu ta farko tana nan a jikin zanar Inna Mariyama, rana ta cinye koren, kusurwa ɗaya ta saki. Wannan karon babu cunkoso, tana zaune tana gyaran wake. Mama ta gaishe ta. Ta zaro sabuwar takardar ta ɗora a gefen tsohuwar, tana neman ƙayar da za ta soke ta.

Sai na ji faranti ya faɗi, wake ya watse.

“La ilaha illallahu! Bakano! Wanga ai Bakano ne!”

Mama ta juyo a hankali. “Kin san shi?”

“Ni da na ba shi hura da hannuna? Mi ya haɗa ku da shi?”

“Ɗana ne. Shi ne wannan ɗin ma,” ta nuna tsohuwar fostar.

Inna Mariyama ta dubi wannan ta dubi wancan, ta sa hannu ta rufe baki. Kullum tana zaune a ƙarƙashin hotonsa tun ranar da muka wuce. Ta kama hannun Mama ta zaunar da ita a tabarma, kuma tun daga yadda ta zaunar da ita na san sauran.

Ta ce bara ne, gab da faɗuwar damina. Motar da ta taso daga arewa ta sauke shi, don yana tari yana aman jini, fasinja sun ƙi yarda a ci gaba da shi. Ta shimfiɗa masa a bayan rumfa. Bai faɗi sunansa ba, ita ma ba ta tambaya ba, Hausarsa ce ta sa suke ce masa Bakano. Ya yi makonni. Har ya ɗan murmure, yana zama yana ba mutane dariya, yana cewa da ya ƙara ƙarfi zai ƙarasa gida, ba ya so tsohuwarsa ta gan shi a haka. Sai ciwon ya dawo.

Mama ta ce, “Mutum yana kama da mutum. Me zai nuna min shi ne?”

Inna Mariyama ta shiga ɗakinta ta fito da wani faifan langa-langa. Ta ce shi ya rubuta mata da ragowar fentin wani mai mota, iska ta karya sandar shi ya sa ta ajiye. An rubuta ABINCI MAI KYAU, da hoton tukunya tana tururi. Kallo ɗaya na yi masa. Duk mai rubutun allo a Kano inuwar harafi a dama yake sa ta. Ishaku kaɗai yake sa ta a hagu, saboda bahagon hannunsa, mun sha faɗa da shi a kan haka, ina ce masa yana kore mana kwastoma. Ga ta nan a hagu, kowane harafi.

Mama tana kallona. Na gyaɗa mata kai.

Limamin zangon ne ya kai mu. Wuri ne a bayan rijiya, kaburbura a jere, an kewaye kowanne da duwatsu, babu suna ko ɗaya. Ya ce yawancinsu baƙin hanya ne. Ya tsaya a kan ɗaya. Da ya ji sunan Mama, ya ga ta durƙusa ta haɗa hannuwa, sai ya gane Kirista ce.

“Baiwar Allah, ba mu sani ba. Mun yi mishi wanka, mun yi mishi sutura, mun sallace shi irin namu.”

“Da kun sani fa, Malam?”

“Da dai mun rufe shi. Ba a barin ɗan Adam a waje.”

“To na gode,” in ji ta. “Allah ya saka muku. Ubangiji ya san nasa.”

Ta yi addu'arta da yarensu, ta yi wata waƙa ƙasa-ƙasa wadda na sha ji a gidansu ran Lahadi in na je neman Ishaku. Ni na tsaya ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Kafin mu tafi Inna Mariyama ta miƙa wa Mama allon. Mama ta ce a'a, a nemi sanda a kafa shi, don a gani ya rubuta. Ta cire sabuwar takardar daga jikin zana, ta bar tsohuwar.

Hanyar dawowa babu abin faɗa. A kan iyaka ba wanda ya tsayar da mu, ko sun tsayar ban tuna ba. Na raka ta har ƙofar gida a Tarauni, 'yan'uwan Ishaku mata suka fito da gudu, suna ganin fuskarta suka tsaya.

Bayan kwana biyu ta zo shago. Za a yi masa addu'a a coci, kuma al'adarsu ce a buga hoton mamaci a takardar taro da jikin riguna. Ta zauna a bencin nan dai. Na kunna kwamfuta na sa faifan, sai ramammiyar fuskar ce ta fito, don ita na ajiye a Agadas. Na yi sauri zan rufe. Ta asali tana nan a cikin kwamfutar shago, dannawa ɗaya ce ta fito, na faɗa mata haka.

“A'a,” ta ce. “Wannan ɗin. Yadda ka rage, haka za ka mayar. Ina kallo.”

Na goge gemun. Na share layukan gefen hanci, na ɗebe inuwar ido, na cika wuyan. Na ɗaga gefen bakin. Wuta ta yi mana mutunci ranar, ba a ɗauke ba. Sannan na danna layin kunci, ƙulle-ƙullen suka fito, na kama na tsakiya na jawo shi waje a hankali.

“Ƙara,” in ji Mama.

Na ƙara, dama da hagu.

“Ƙara kaɗan.”

Na ƙara. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta daɗe tana dubansa. A nan ne na ga hawayenta, karo na farko tun da muka bar Kano.

“Ya isa haka,” ta ce. “Bar shi. Ya ƙoshi.”